Hannun Hagu Biyu

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ba neman tausayinku na zo yi ba. Abin da ya faru zan faɗa. Wanda zai zage ni ya dakata tukuna, akwai wurin zagin a gaba, ni da kaina zan nuna muku shi.

Tela ne ni. Shekara arba'in da ɗaya ina taka keke a shago ɗaya, ba a taɓa dawo min da ɗinki ba. 'Ya'yana biyar, huɗu sun guje wa allura. Auta ce kaɗai ta zauna. Shekararta ashirin da huɗu, kuma in dai yanka ne, ta fi ni. Ban taɓa faɗa mata ba.

Tun tana ƙarama hankalinta ba ya zama wuri ɗaya. A aike ta sayo zare, ta dawo da labarin kyanwar maƙwabta. Na yi faɗa, na yi duka ma, Allah ya yafe min. Sai da ta kai sha biyar wata malamarsu ta matsa aka kai ta asibiti. Likita ya ce ba taurin kai ba ne, haka aka halicci ƙwaƙwalwarta. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya, ɗaya kowace safiya, mai tattara hankali. Tun daga nan yarinya ta nutsu. Ta zauna gaban keke tun safe har la'asar, sai an tuna mata da abinci.

Doka ɗaya na kafa a ranar: maganar ƙwayar nan ba za ta fita daga gidana ba. Na san bakin mutane. Ba za su ce magani ba, 'yar ƙwaya za su ce.

Wata uku da suka wuce zuciyarta ta fara bugu kamar ana taka keke da gudu. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya ce jini ya hau, dole a janye maganin. Ya mai da ita rabi, ya koma kwata, sannan ya tsayar. Ya ce za ta yi makonni tana gajiya, tana yunwa, ranta yana ɓaci ba dalili, ta riƙa dawowa ana duba ta. Ya faɗa da sanyin murya, ya rufe fayil, ya kira na gaba. Ai shi ba gidansa za a koma ba.

Yarinyar da take riga ni buɗe shago, sai ga ta sai rana ta take take isowa. Fuska a kumbure, ɗankwali a karkace, doguwar rigar jiya mai ruwan toka, aljihunta a yage ba ta ɗinke ba. 'Yar tela fa! Ta ci burodi a gida, ta ci a hanya, ta iso tana tambayar ko da saura. Ta ɗora ruwan shayi ta manta har butar ta ƙone. Almakashinta a firji na tsince shi. Ta kife dutsen guga a kan tebur ta tafi amsa sallama, ga shatinsa nan baƙi har yau. Da azahar in waiga, sai in gan ta ta kifa kai a kan tulin yadin mutane tana barci, tef a wuya.

"Malam, ka bi ta a hankali," in ji uwarta. "Ai likita ya faɗa."

"Likita ne zai tsaya gaban masu kaya?"

"Kai da ka bar taba, wata guda har kajin gidan nan gudunka suke."

"Wannan daban."

"Kullum naka daban ne."

Sai maganar Dogo. Mai gyaran keken ɗinki ne, siriri, kai kamar zai taɓa rufi, kullum da jakar sukuddireba da ƙanshin man keke. Sau ɗaya na kira shi. Daga ranar keke lafiyayye ya riƙa lalacewa duk Talata. Na yi kamar ban gani ba, don yaron yana da ladabi kuma hannunsa na da tsabta. Auta ta faɗa masa maganar ƙwayar da kanta. Duk ƙarfe takwas na safe wayarta sai ta yi ƙara, saƙonsa ne. Da can "Kin sha?" yake rubutowa. Da aka tsayar ya koma "Kin tashi, ranki ya daɗe?" Na kira shi gefe na ce, "Abin da ka sani, ka sani. Uwarka ba ta ciki." Ya ce, "Baba, ai ba abin kunya ba ne." Na ce, "Ban tambaye ka ba."

Ranar wata Asabar uwar tasa ta zo. Mace mai jiki, mayafi ruwan ƙasa, zobe uku a hannu ɗaya, turarenta ya riga ta shigowa. Ta zauna a kujerar baƙi, idonta ya zaga shagon har ya sauka kan shatin gugar nan. Ta zaro leshi daga jaka, ruwan zuma, furanni na zare mai ƙyalli, baki ɗaya mai ado. Yadi biyar cif. Babban ɗanta ne ya aiko mata daga wata ƙasa mai nisa.

"Bikin 'yar ƙanena saura kwana goma, Malam Tela. Riga da siket. Hannu dogo, ya kama, har wuyan hannu."

"An gama, Hajiya."

"Ba kai ba. Hannun yarinyar nan nake so. An cika min kunne da ita a gida, ko abinci ba a bari in ci lafiya."

Auta ta tashi ta gaishe ta har ƙasa, ta ɗauko tef. Da ta zo aunin hannu, matar ta janye mayafi. Tabon ƙuna ne a hannunta na dama, daga gwiwa zuwa wuyan hannu, fatar ta tattare.

"Mai ne ya zubo min ina amarya. Kin ga dalilin dogon hannun."

"Na gani, Umma."

Kowa a shagon ya san ba riga ta zo ɗinkawa ba. Suruka ta zo aunawa.

Yanzu ku saurara, don in ba ku gane nan ba, ba za ku gane komai ba. Hannun riga mai kama jiki yana da gaba yana da baya, ramin gaba ya fi zurfi. Leshi mai baki ba a ninka shi a yanka biyu lokaci ɗaya, ɗaya-ɗaya ake yi don adon ya faɗo daidai. In ka yanka na farko, sai ka kife shi a kan yadin, fuska da fuska, ka bi shatinsa ka fitar da na biyu. In ka ɗora shi a buɗe, hannu ɗaya ka yanka sau biyu. Wanda ya koya min sana'a yana sa mu zana alama da alli a bayan yadi, da'ira dama, kara biyu hagu. Aikin 'yan koyo ne. Ni na bar shi tun kafin in yi gemu, Auta ma ba ta taɓa buƙatarsa ba.

Ranar Litinin na ga ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko guntun alli.

"Mene ne wannan?"

"Alama zan sa, Baba. Kaina ba ya riƙe abu kwana biyun nan."

"Alli? A shagona? Uwar yaron nan ta leƙo ta ce 'yar koyo aka ba leshinta? Ajiye."

Ta ajiye.

Ta fitar da siket, ta fitar da gaba da baya, lafiya lau. Hannu ya rage, azahar ta wuce, idonta ya yi ja don barci. Ta yanka na farko. Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta ɗauka ta karanta a fili tana murmushi, murmushin farko da na gani a fuskarta cikin sati: "Umma ta ce leshinta yana hannun gwana. Kada ki ji tsoro, ina nan." Ta ajiye wayar, ta ɗora hannun a kan ragowar yadin, ta sa almakashi. Ina jin ƙarar yankan, ƙaras, ƙaras. Da na ɗago kai har ta kai ƙarshe.

Na taso na ɗaga su biyun sama. Hagu da hagu. Abin da ya saura na leshin bai fi ƙyallen goge keke ba.

Ta dube su, ta dube ni. "Baba..."

"Shekara arba'in da ɗaya! Ko makaho ba zai yi wannan ba. Ki ci, ki yi barci, ki danna waya, shi ke nan aikinki!"

"Baba, na ce maka zan sa alama..."

"Rufe min baki. Ashe duk shekarun nan ƙwayar ce ke ɗinki, ba ke ba."

Ga wurin zagin. Bismillah.

Ba ta yi kuka ba. Da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta karɓi hannuwan daga wurina, ta ninke su a hankali, ta sa a leda. Ta ce, "To, mai shago." Ta gyara ɗankwali ta fita.

Daga ranar sunana ya koma mai shago. Ina kwana, mai shago. Ga shayinka, mai shago. Har a gida, gaban uwarta. Uwar kuwa ta ajiye min abinci da ƙarfi har miya ta fantsala.

"Me ka ce wa yarinyar nan?"

"Maganar aiki ce."

"Maganar aiki ce ta sa ta zauna bayan ƙofa tana kallon tafin hannunta? Malam, bakinka ya fi almakashinka kaifi, kuma shi ba a ɗinke abin da ya yanka."

Na sa guntun leshin a aljihu na shiga kasuwa. Kwana uku ina bin layin masu yadi, rumfa rumfa, ni da ake aiko wa da kaya har shago. Wannan ya ce ruwan ya yi kusa amma furen daban. Wancan ya ce, "Baba Tela, ko dai an yi ɓarna ne?" yana dariya. Na ce jikata ce ke son irinsa. Ban samu ba.

Talata Dogo ya zo da jakarsa, na tare shi a bakin ƙofa.

"Keke lafiyarsa ƙalau. Kai da wayarka kun gama aikinku."

"Baba, na ji abin da ya faru. A bar ni in faɗa wa Umma gaskiya, tun daga maganar maganin. Ba mahaukaciya ba ce, za ta gane."

"In ka buɗe baki, kada ka sake taka shagon nan."

"To me za a ce mata?"

"Ni na yanka. Idona ya fara mutuwa. Tsoho ne ya ɓata mata leshi."

Ya tsaya yana kallona. Ya san abin da maganar take nufi. Mace irin uwarsa in ta faɗa wa mutum biyar, unguwa ta ji, sunan da na tara ya tafi. Na riga na yanke. Sunana ne, ni na ga dama.

Duk kwanakin da nake yawon kasuwa ban lura da abin da ake yi a shagona ba. Ranar Juma'a na iso da wuri, na tarar har an buɗe. Auta tana kan tebur, ɗankwali ɗaure tamau, ta ɗinke aljihun rigar nan. Ta manna takarda a bango ta jera ayyukan ranar, wanda ta gama ta soke shi. Almakashi ta ɗaure shi da igiya a ƙafar tebur. Wayar tana can kan kanta a kife, duk minti ashirin sai ta yi ƙara, Auta ta miƙe, ta je bakin ƙofa, ta sha ruwa, ta yi miƙa, ta dawo. Da azahar ta ja labule ta shimfiɗa tabarma, ta yi barcin rabin awa da gangan, ba a kan yadin kowa ba. Kuma alli ko'ina. Da'ira, kara biyu, da'ira, kara biyu, har a bayan shafin cikin riga. Ba ta nemi iznina ba.

Ga abin da ta yi. Hannun da ya ɓaci ta sauko da shi, ta sake fitar da kansa ta ɗaya gefen, ya zama na dama amma ya gajarce zuwa gwiwa. Ta rage ɗan'uwansa daidai da shi. Daga gwiwa zuwa wuyan hannu ta ƙara siliki mai kauri, ruwan zuma. Sannan ta tattaro duk guntayen leshin da ke ƙasa, tana yanko furannin ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin almakashi, tana dasa su a kan silikin da allurar hannu. Fure sittin da wani abu. Sau biyu na ga ta jefar da allura ta dafe kai, ta ce, "Wayyo, kaina kamar an cika shi da auduga." Ta zaga shagon ta dawo ta ɗauka.

Na ce, "Ba wannan aka ce ki yi ba."

"Na sani, mai shago."

"Ni zan yi magana in ta zo. Ke ki yi shiru."

Wayar ta yi ƙara, ta miƙe ta je shan ruwa.

Ranar Litinin da hantsi uwar Dogo ta iso. Auta ta miƙa mata kayan a goge. Ta warware rigar, hannunta ya tsaya cak a kan gwiwar hannun.

"Wannan fa? Ina ce leshi na ce har ƙasa?"

Na gyara murya. "Hajiya, laifina ne. Yarinya ta fita, na ce bari in taya ta, ido kuma ya fara..."

"Ba shi ba ne, Umma. Ni na yanka."

"Auta!"

"In ka ɗauki wannan, gobe in na ƙona mata tukunya a gidanta, nan ma kai za ka je ka ce idonka ne?" Ko kallona ba ta yi ba. Ta durƙusa gaban matar. "Umma, shekara tara ina shan magani kullum safe, likita ne ya rubuta, don hankalina ba ya zama wuri ɗaya. Ya taɓa min zuciya, aka fara janye shi wata uku ke nan, yanzu an tsayar. Yanzu ina mantuwa, ina barci, raina yana saurin ɓaci. An ce wani zai ragu, wani kuma haka zan zauna da shi. Hannun hagu na yanka miki sau biyu. Wannan shi ne abin da na iya gyarawa."

Ni kuwa kunnuwana har zafi suke. Dokar shekara tara, ta rushe ta a numfashi ɗaya, gaban baƙuwa.

Matar ta miƙe. Ta shige bayan labule da rigar. Da ta fito ta tsaya gaban madubi, ta ɗaga hannun dama, ta juya shi, ta lanƙwasa. Silikin ya rufe tabon ruf, fiye da yadda leshi mai huda-huda zai rufe. Ta bi furannin da ɗan yatsa tana neman inda zare ya fito. Ba ta samu ba.

"Dasa furen nan, wa ya yi?"

Na ce, "Ita ce. Hannunta ne. Ba kowa, ba komai."

Ta juyo kaina. "Kai kuma, Malam Tela, da furfurarka za ka dube ni ka shirga min ƙarya? Tabon nan nawa rufe shi nake yi, ban taɓa ce wa kowa babu shi ba. Ɗana ya san maganar maganin?"

"Ya sani. Ni na hana shi faɗa."

"Ya ji maganarka ya bar tawa ke nan. To da kyau."

Ta koma ta sauya, ta ninke rigar ta sa a jaka. Na ce a raina shi ke nan, an rufe. Sai ta sake zura hannu ta zaro wani yadin, shuɗi mai duhu, ta dire shi a kan tebur daidai kan shatin gugar.

"Wannan kwana nawa?"

Auta ta shafa yadin. "Sati uku, Umma. Da safe kawai nake yanka."

"Sati uku. Ni ba na yanke magana a kan riga ɗaya. Amma ki ji, daga yau har ranar da zan zo karɓa, ɗana ba zai tako nan ba, ba zai kira ba, ba zai rubuto ba. Ina so in ga ke kaɗai, ba mai tashinki, ba mai rufa miki." Ta harare ni. "Har da kai."

Turarenta ya daɗe a shagon bayan ta tafi. Na yi ta jujjuya tef a hannu.

"Kin ji dai abin da na faɗa mata."

"Na ji. Baƙuwa ka faɗa wa. Ni ba ka faɗa min ba."

Na buɗe baki. Na sake rufe shi. Ta jira ni, ta jira, sannan ta ja labule ta kwanta, azahar ta yi.

Washegari na riga ta zuwa. Na biya ta wurin mai kayan ɗinki na sayi alli sabon kwali, fari da ja, na ajiye mata kusa da almakashi. Ta iso bakwai da rabi, ba wanda ya tashe ta. Ta ga kwalin, ta buɗe, ta zaɓi ja. Takwas ta yi. Wayar ba ta yi ƙara ba. Ta dube ta sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta kife ta ta tura can ƙarshen kanta, ta goge ido da bakin ɗankwali. Ta warware shuɗin yadin, ya fi tebur tsawo, bakinsa yana zamewa ƙasa.

"Kama min nan."

Ba ta ce Baba ba. Amma ba ta ce mai shago ba.

Na kama. Saura kwana ashirin.